Wa ya rufe silimar iyali?

Duk sanda aka ɗauko hirar tsofaffin gidajen silima na ƙananan garuruwa, irin waɗanda iyali guda ke riƙewa daga kaka har jika, laifin a wuri ɗaya ake ɗora shi. Ana cewa talabijin ya zo, kaset ya biyo baya, wayar hannu ta ƙarasa aikin. Maganar tana da tushe. A Birtaniya an sayar da tikiti biliyan 1.64 a 1946, amma zuwa 1984 adadin ya faɗo zuwa miliyan 54. Sai dai masu wannan hujja sukan manta da abin da ya biyo baya: a 2018, lokacin da intanet ke cikin aljihun kowa, tikitin ya haura miliyan 170. Ashe 'yan kallo sun dawo, gidan da suka baro ne ba su koma ba. Ni a ganina, ciniki ne ya ci waɗannan gidaje fiye da yadda fasaha ta ci su.

Sai mutum ya san yadda gidan yake tafiya kafin ya gane haka. Uwa tana tagar tikiti, yara suna shara da nuna wa mutane kujera, uba yana sama a ɗan ƙaramin ɗakin majigi mai zafi kamar tanderu. Injin haska fim biyu ne a gabansa, domin faifai ɗaya minti 20 kawai yake ɗauka. Idanunsa na kan kusurwar allo ta sama, yana jiran wani ɗan ɗigo ya gifta. Da na farko ya bayyana sai ya tayar da inji na biyu, da na biyu ya bayyana sai ya sauya, ba tare da mai kallo ya lura ba. Kafin shekarun 1950, fim ɗin kansa yana kama wuta kamar fetur, shi ya sa ake killace ɗakin. Duk wannan aiki ba a biyan kowa albashin kirki. Ribar gidan ita ce gumin 'yan gida, kuma da ita aka yi shekaru ana rufa asiri.

Fim kuwa ba nasu ba ne, haya suke yi. Mai rarraba fim shi ke yanka sharaɗi, kuma a makonnin farko na sabon fim kaso mafi tsoka na kuɗin tikiti nasa ne. Abin da ke riƙe gidan shi ne gugguru da lemon da ake sayarwa a ƙofa. Tun da can manyan kamfanoni a Amurka suna tilasta wa mai silima ya karɓi fina-finai a dunƙule, mai kyau ɗaya da tarkace goma, har sai da Kotun Ƙoli ta hana hakan a 1948 a shari'ar kamfanin fim na Paramount. An soke ƙa'idojin da suka fito daga waccan shari'a a 2020, amma ƙaramin mai silima bai taɓa samun bakin magana ba ko a lokacin da suke aiki.

Babbar matsalarsa allo ɗaya. Idan aka ce masa sai ya ajiye fim mako uku ko huɗu kafin a ba shi, a garin da duk mai son kallo zai gama gani cikin kwana biyar, sauran kwanakin kujeru yake haska wa. In ya ƙi, sai ya jira fim ya tsufa, lokacin matasa sun riga sun shiga mota sun je birni sun gani. Gaba kura, baya sayaki. Gidan da ke da allo goma, kamar wanda aka buɗe a garin Milton Keynes na Ingila a 1985, ba ruwansa da wannan: in fim ya yi sanyi sai a mayar da shi ƙaramin zaure, a saka sabo a babba.

Bugu na ƙarshe ya zo wajen 2013, da kamfanoni suka fara daina buga fim a faifai mai faɗin milimita 35. Sauƙin nasu ne, domin aika fim a ƙaramar ma'ajiyar kwamfuta ya fi buga faifai arha nesa ba kusa ba. Kuɗin sabon inji kuwa, dala dubu gommai a kan kowane allo, a wuyan mai silima ya faɗa. An yi tsarin tallafi, amma manyan kamfanonin silima ne suka fi cin moriyarsa. Tsohon injin da mai gida ke gyarawa da sukudireba da ɗan mai ya yi shekara 40 yana aiki, aka maye gurbinsa da na'urar da in ta tsaya sai an kira injiniya daga nesa.

Ba zan wanke iyalan sarai ba. Wasu sun bar kujeru sun yage, rufi yana yoyo, suna ganin tunda babu wani a garin dole a zo. Wasu kuma gado ne ya raba su: gini a tsakiyar gari, magada shida, biyar suna son kuɗi. Kuma wane ne zai ga laifin ɗan da ya tashi bai taɓa ganin mahaifinsa a gida da daddare ba, ya ce shi ba zai gaji wannan ba?

Waɗanda suka tsira, yawanci gari ne ya karɓe su daga hannun iyali. Silimar Eden da ke La Ciotat a kudancin Faransa, wadda ta fara nuna fim tun 1899, ta yi shekaru a rufe, sai da hukuma ta zuba kuɗi aka gyara ta aka sake buɗewa a 2013. A wurare da dama ƙungiyoyin sa-kai ne suka yi karo-karo suka sayi sabon inji. Wannan ne nake ganin ya kamata hukumomin ƙananan garuruwa su yi tun mai gidan yana raye yana riƙe da makulli, su sassauta masa haraji, su taimaka masa ya raba zauren gida biyu ya samu allo na biyu. Gyaran ginin da ya shekara 20 a rufe ya ninka wannan tsada sau da yawa.