D7 ɗaya ta tsayar da 'yarmu a ƙofar jami'a

Jama'ar Zangon Kumasi, musamman iyayenmu mata na Aboabo da Asawase da Sawaba da Ayigya, ku daure ku karanta wannan har ƙarshe. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Abin ya daɗe yana cina a rai.

Ranar da hukumar jarabawa ta WAEC ta saki sakamakon WASSCE, wato jarabawar gama babbar sakandare, ɗiyar yayata ta shigo ɗakina da wayar babarta. Muka sayi katin dubawa ta momo, wato kuɗin waya, ta shigar da lambarta hannunta yana rawa, har sai da ta kuskure sau biyu. Shafin ya buɗe. Turanci B3, Soshiyal B2, Kimiyya C6. A darussan zaɓinta huɗu akwai A1 biyu da B2 da B3. Lissafi kuma D7. Ta ajiye wayar a kan tabarma ta sunkuyar da kai. Ita ta gane, ni ma na gane.

Daga tsakar gida yayata ta ɗaga murya, "Akwai F a ciki?" Na ce babu. Sai guɗa. Kafin in fito ta riga ta aika a gaya wa maƙwabta, tana lissafin shinkafar da za a dafa. Na ce, "Yaya, ki zauna mu yi magana." Ta ce, "Ba kai ka ce ba ta faɗi ko ɗaya ba?" Na daɗe ban yi maganar da ta yi mini nauyi a baki kamar ta ranar ba. Matar nan shekara uku tana tashi kafin asuba tana dama koko, tana soya ƙosai, don ta cika wa yarinyar akwati da gari da shito duk lokacin komawa makaranta. Ba ta gaza a komai ba. Abu ɗaya ne ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya yi mata bayaninsa.

Ga bayanin. Makin WASSCE yana tafiya ne daga A1 zuwa F9. Daga A1 zuwa C6 shi ake kira kiredit. D7 da E8 a takarda sunansu ci, F9 ce kaɗai faɗuwa. To amma jami'a, idan digiri ake nema, ba ta karɓar abin da ya gaza C6. Darussa shida take dubawa: uku daga na dole, uku daga na zaɓi, kuma Turanci da Lissafi ba makawa suna ciki. Ko yaro ya jera A1 bakwai, D7 ɗaya a Lissafi ta isa ta rufe masa ƙofa. Saboda haka tambayar da ta kamaci uwa ita ce, "Nawa ka samu a Turanci, nawa a Lissafi?"

Sai maganar agiriget, wadda yara ke ta ambato iyaye suna gyaɗa kai. Lambobin da ke jikin makin darussa shidan nan ake haɗawa. A lissafin da aka saba, A1 ɗaya ce, B2 biyu, B3 uku, haka har C6 shida. Ƙanƙantar jimla ita ce kyawunta. Mafi kyau shi ne 6, wato A1 shida. KNUST, jami'ar kimiyya ta Kumasi da muke ce wa Tek, da Jami'ar Gana da ke Legon suna neman 24 ko ƙasa da haka kafin su saurare ka, kuma wannan izinin shiga layi ne kawai. Kowane kwas yana da inda yake yankewa, gwargwadon yawan masu nema. Likitanci kam sai wanda ya kusan share takardarsa da A1. Akwai kuma wani bambanci da yakan kayar da yara: Legon tana lissafa Soshiyal ga wanda ba kimiyya zai karanta ba, KNUST kuwa Kimiyyar dole take sa wa a lissafi. Takarda ɗaya, jimla biyu. Da 'yarmu ta samu ko C6 ce a Lissafi, da lissafin Legon ya ba ta 15.

Ni dai a ganina matsalarmu ba a shekarar ƙarshe take farawa ba. Tun a ajin ƙarshe na JHS, ƙaramar sakandare, take farawa, ranar da ake cike takardar zaɓen makarantu domin BECE, jarabawar gama JHS. A ranar yaro ɗan shekara 14 ko 15 yake zaɓar fannin da zai bi: kimiyya, ko janar at, ko kasuwanci, ko tattalin gida, ko zane, ko noma, ko fasaha. Mu kuma hankalinmu yana kan sunan makaranta. Kowa yana son a ce ɗansa yana Prempeh ko Opoku Ware, 'yarsa tana Yaa Asantewaa ko St. Louis, ko dai T.I. Ahmadiyya. Idan kwamfuta ta ba shi makarantar, ko wane fanni aka haɗa masa sai mu ce a karɓa. Na san yaro a layinmu da ya tashi yana bin kawunsa Suame Magazin, injin mota ba ya ba shi tsoro, burinsa injiniya. Aka ba shi janar at a makaranta mai suna, gida ya yi murna. Sai da ya gama ya zo sayen fom ya ji cewa galibin kwasa-kwasan injiniya a KNUST suna neman Fiziks da Kemistiri da Lissafin zaɓi, wanda yara ke ce wa imas. Bai taɓa zama a ajin ko ɗaya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba na raina karatun sakandare kyauta da aka fara a 2017. Na ga gidajen da a da yara ke tsayawa a JHS saboda kuɗi, yanzu uku huɗu sun gama SHS, babbar sakandare. Amma ya zo mana da wani irin sakin jiki. Tunda ba a aiko mana da takardar biyan kuɗi, sai muka daina leƙa makarantar gaba ɗaya. Sakamakon kowane simesta yana fitowa, ba mai tambaya. 'Yar yayata tun shekararta ta farko Lissafi yake ba ta wahala, yana nan a rubuce, kuma ni da na yi karatu ina gidan ban taɓa cewa ta kawo in gani ba. Wannan laifina ne, kuma yana damuna har yau. Dogayen hutun da tsarin dabal tirak, na raba ɗalibai kashi biyu suna karɓa-karɓar makaranta, ya kawo tun 2018, a shago da bakin tukunya yawancin 'ya'yanmu mata suka yi su, yayin da wasu yaran ke ajin ƙarin karatu. Kuɗin da muke kashewa a anko da walimar gama makaranta na rana ɗaya zai biya malamin Lissafi na watanni.

Kada wani ya ce makarantar allo ce ta hana. Yaron da ya iya riƙe hizifi a kansa ba zai gaza riƙe ƙa'idar lissafi ba, in ya samu mai koya masa da haƙuri irin na malaminsa na allo.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shekarar zaman gida. Namiji in ya zauna, sai ka ganshi a kan pragiya, keken haya mai ƙafa uku, ko a shagon wani, kuɗi ya fara shiga aljihu, littafi ya fita daga rai. Mace kuwa ba a wata uku sai maganar aure ta taso, a ce ai ta gama. Ba na adawa da aure. Ina adawa da a ɗauki darasi ɗaya da za a iya gyarawa a cikin watanni a mayar da shi ƙarshen karatun yarinyar da ta ci A1 biyu.

Gyaran kuwa yana nan. Jarabawar masu zaman kansu da muke kira Nobdek tana ba yaro damar sake rubuta darasin da ya faɗi kaɗai, a haɗa da tsohon sakamako. Kuma ba Tek da Legon kaɗai ne ƙofa ba. Ga Jami'ar Fasaha ta Kumasi, ga jami'ar Tanoso, wadda aka sani da AAMUSTED, ga mai son sana'a da koyarwa. Kwalejojin horon malamai digiri na shekara huɗu suke bayarwa tun 2018, har da Al-Faruq da ke Wenchi, sai dai su ma kiredit suke nema. Babban da karatu ya wuce shi, in ya kai shekara 25 yana iya nema ta hanyar manya, ya rubuta jarabawar shiga. Sharuɗɗa sukan sauya daga shekara zuwa shekara, don haka kafin a biya kuɗin fom a buɗe shafin makarantar a karanta na bana, kada a dogara da abin da wani ya ji a turoturo.

'Yarmu ta yi rajistar Nobdek. Da safe tana taya babarta, da rana tana ajin rimidiyal na masu sake jarabawa, bayan isha'i muna zama ni da ita a kan tsofaffin tambayoyin WAEC. Satin farko da ta warware tambayar da a da take tsallakewa, ta ɗago ta ce, "Kawu, ashe dama haka ne kawai?"

Ina kira ga duk ɗan Zango da ya taɓa zama a ajin jami'a ko kwaleji. Ka zaɓi gida biyu a layinku, ka ce a kawo maka sakamakon yaran da ke SHS, da takardar zaɓen makaranta ta waɗanda ke shirin BECE. Limamanmu kuma su ba mu minti goma bayan sallar Juma'a kafin lokacin cike takardun. Ni zan fara ranar Asabar bayan la'asar a ƙofar gidanmu. Wanda ya san ni ya turo ɗansa da takardunsa, kuma don Allah uwar ta biyo shi.