Ɗan akwatin nan na gindin talabijin: a saya ko a bari?

Tun da na saka hoton falonmu mutum uku suka biyo ni ta saƙo suna tambayar ɗan baƙin akwatin da ke gindin talabijin, wato akwatin Android, wai yana da amfani ko zubar da kuɗi ne. Bari in amsa a nan gaba ɗaya, kowa ya ɗauki nasa.

Bidiyon bikin ƙanwata ne ya kai ni saye. Mai ɗauka ya kawo a filash, na juye a kwamfuta. Ranar da 'yan uwa suka zo daga Darazo sai ga mutum goma sha ɗaya sun yi cincirindo a kan laftof mai inci 14, wannan na leƙe ta kafaɗar wancan. Inna ta kai fuskarta har tana neman taɓa gilashin, tana cewa, "Wace ce wannan mai jan mayafin?" Alhali 'yar da ta haifa ce. Ga talabijin mai inci 43 rataye a bango a kashe, don kuɗin dikoda ya ƙare. Washegari na nufi kasuwar Wunti a nan Bauchi.

Abin ba sabo ba ne. Apple TV ya fito tun 2007, Google ta kawo Chromecast a 2013 a kan dala 35, Amazon ta biyo da Fire TV Stick a 2014. Mu abin da ya fi yawa a shagunanmu shi ne akwatunan Android 'yan China, irin su MXQ da X96 da T95. Dukansu aikinsu ɗaya: ka soka a ramin HDMI na jikin talabijin, tsohuwar talabijin ta koma kamar babbar waya, ta buɗe YouTube, ta kunna abin da ke kwamfutarka ko filash ɗinka.

Ra'ayina kai tsaye: a Bauchi akwatin yana biyan kuɗinsa ga mutumin da yake da tarin abin kallo a ajiye. Wanda ya saya don ya riƙa kallo ta intanet kullum dare, ya sayo wa kansa bakin da ba ya ƙoshi.

Ku yi lissafi da ni. Netflix da kansu sun ce kallon awa ɗaya a hoto na yau da kullum yana cin kusan giga 1, in ka ɗaga zuwa HD ya kai giga 3, 4K kuwa har giga 7. A ce iyali na kallon awa biyu bayan sallar isha'i. A ƙaramin hoton ma giga 60 ke nan a wata, a HD giga 180. Kuma hoton da yake tas a waya, in ka baza shi a inci 43 sai ya yi dishi-dishi, dole hannunka ya kai ga ɗaga shi. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin ɗari. Satin farko da na kawo akwatin na kunna hotsifot na bar wa yara zanen barkwanci na tafi masallaci. Kafin in dawo datar da nake lallaɓawa ta wata guda ta tafi. Uwargida ta ce, "Baban Ummi, kai ka kawo mana wannan abin, kai za ka ciyar da shi."

Sai da na canza tsari na fara jin daɗinsa. Na sa masa VLC da Kodi, manhajojin kunna bidiyo, duka kyauta ne. Duk abin da ke kwamfuta, tafsirin azumin da na tara shekara da shekaru, bidiyon suna da na biki, darussan lissafin da na sauke wa babban ɗana da datar dare, na zuba su a babban filash na soka a bayan akwatin. Ko kwabo ba ya ci. Daga baya wani ɗalibi a Yelwa ya nuna min cewa in kwamfuta da akwatin suna kan rauta ɗaya, wato na'urar Wi-Fi ta gida, za ka iya buɗe fayil ɗin kwamfutar daga falo ko da babu data a rautar, don hirar tsakaninsu ce a cikin gida, ba ta fita waje. Wannan mutane da yawa ba su sani ba, kuma shi ne asalin amfanin abin.

Shi ya sa nake cewa a duba ramin USB kafin a duba suna. Chromecast da Fire Stick suna da kyau, amma an ƙera su ne don gidan da intanet ba ta yankewa, babu ramin da za ka soka filash kai tsaye sai ka nemo wata 'yar wayar haɗi ta daban. Google ma ta daina ƙera Chromecast ɗin a 2024.

Yanzu ga inda aka cuce ni. Na farkon da na saya, yaron shagon ya rantse min: "Alhaji, wannan 4K ne, ba ya tsayawa." Kwalin ya sha rubutu, lambobin ma'ajiya manya-manya. Na kai gida, in danna rimot sai in ƙirga uku kafin ya motsa, ga zafi kamar dutsen guga. Wani mai gyara ya buɗe ya ce abin da ke ciki bai kai rabin abin da aka rubuta ba. Irin waɗannan marasa rajista da Google ko Netflix ka sa musu ba za su ba ka HD ba. Abin da ya fi damuna ma shi ne a Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu irin waɗannan akwatuna masu araha suna zuwa da muguwar manhaja a cikinsu tun kafin a saya. Ni dai ban sa imel ɗina ko wani abu na banki a kai ba, kuma wanda ya ce maka "duk tashoshin ƙwallo kyauta har abada", ka tambaye shi ko zai mayar maka da kuɗinka ranar da suka ɗauke.

Akwai kuma wanda bai kamata ya saya ba sam. In kallonka daga kwamfuta sau ɗaya ne a wata, sayi wayar HDMI mai tsawo ka haɗa laftof da talabijin, magana ta ƙare. In talabijin ɗinka sabuwa ce mai ramin USB, gwada filash ɗin a jikinta tukuna, wataƙila ta karanta. Tawa wasu fayilolin takan fito da hoto babu murya, shi ya sa na koma ga akwatin.

Wuta kuwa ba ta zame min matsala ba. Akwatin bai fi cin ƙwan fitila ɗaya na zamani ba, ɗan solar da ke gidan yana ɗaukarsa da talabijin har dare ya raba.

Azumin da ya wuce Inna ta zo ta yi mana kwana goma. Kullum bayan la'asar sai ta shimfiɗa dardumarta a gaban talabijin ta ce, "Kai Ummi, zo ki kunna min malam." Ummi, 'yar shekara bakwai, ita ce ta iya rimot ɗin fiye da kowa a gidan. Ranar da Inna za ta koma Darazo ta sa aka sake kunna mata bidiyon bikin, ta nuna mai jan mayafin da carbinta ta ce ashe ma ɗinkin bai zauna mata ba.