Ni da ayabar Tonga

Kun dai san Kawu da kundin kan sarkinsa, ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba. To ranar Asabar ya kira ni in taya shi jerawa, ni kuwa da shegen baki na ce ai tun ina firamare nake jiƙa ambulan a ruwa ina ciro kan sarki. Ya ce madalla, ya miƙo mini hantsaki.

Sai ga wani ɗan mitsitsi mai siffar ayaba, na ƙasar Tonga, na 1969, manne a jikin wata takarda mai santsi. A raina na ce guntun ambulan ne Kawu ya yi ƙyuyar cirewa. Na ajiye hantsakin, na sa farce, na ɗaye shi tsaf. Har ɗaga shi sama na yi, jama'a, ina murmushi, ina jiran a ce sannu da aiki.

Kawu ya yi salati. Ni ban ma gane da ni ake ba. Na zo ajiyewa, abu ya kama babban yatsa. Na cire da ɗayan hannun, ya koma can. Na yarfe, ya sauka a hannun rigata. Da na rasa dabara sai na lashi takardar don in mayar da shi. Wallahi na lasa. Sau biyu.

Duk wannan a gaban abokin nan nasa mai gilashin dubawa, wanda ba gayyatarsa aka yi ba. Mutumin ya gyara zama kamar dama ni yake jira. Wai wannan shi ne mai manna kansa, ba ruwansa da yawu. Wai takardar da na lasa takardar baya ce, kuma sai kan sarki yana kanta ake ce masa sabo dal, da an ɗaye shi ke nan. Wai ba huda gefensa ake yi ba, da ƙarfe ake yanko siffar. Wai Saliyo ce ta fara yin mai manna kansa a 1964, Amurka ta gwada a 1974 danƙon ya ɓata mata su da tabo. Wa ya tambaye shi? Mutumin da ya ari littafin Kawu shekara uku bai dawo da shi ba! Kuma kowace jimla sai ya ƙare ta da "ka gane, yaro?", ni da 'ya'yana biyu.

"Kawu, a yi haƙuri," na ce. Bai ko dube ni ba, ayabar yake lallaɓawa, ta ɗan lanƙwashe a wuya.

Abin da ban gaya musu ba, tun da safe na zuba wasu na Amurka na zamanin nan a kwanon ruwa. Har yamma ko motsi ba su yi ba daga jikin ambulan. Ban sani ba ko Kawu ya ga kwanon.