Zaman majalisa a gida da zaman kafili a Saudiyya

Samarinmu na gida gani suke duk wanda ya sauka Jidda ko Riyad ya gama haye wa, shi ya sa kullum saƙon ɗaya ne, Yaya a samo min biza ko ta shara ce. Ni da nake zaune a nan ina ganin abin daban wallahi.

Matashin da ba shi da aiki a gida yana cikin matsi, ba musu, wasu har Tramadol da kodin sun cinye su. Amma in ya kwanta ciwo akwai mai leƙo shi, in ya samu ɗan aiki oga ya ci masa mutunci gobe sai ya ƙi zuwa, iyakarta kenan. Nan fa igamarka, wato katin izinin zama, a hannun kafili take, wato mai gidan da kake aiki da zama a ƙasar a ƙarƙashin sunansa, wani ma har fasfo yake riƙewa duk da doka ta hana, ka bar aiki ba izini ya kai ƙara a rubuta maka hurub, wato ka gudu daga aiki, daga ranar kai mai laifi ne, asibiti ma tsoron zuwa kake kar a kama ka a wuce da kai tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora ƙasarsu.

Eh an yi gyara a Maris 2021, ma'aikacin kamfani zai iya sauya aiki bayan shekara guda ba sai kafili ya yarda ba, amma gyaran bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, to kuma ai nan namu suka fi yawa, musamman mata masu shagala, wato aikatau, yarinya ita kaɗai a cikin gidan mutane, ba ta jin Larabci, ejan ɗin da ya kawo ta ya karɓi kuɗinsa ya kashe waya. Akwai kuma dokar hana aiki a rana daga 12 zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, tana da kyau, sai dai wa zai bi makiyayi cikin sahara ya duba?

Abin da ya fi ci min rai mu ne da kanmu. Yaro albashinsa ya maƙale wata da watanni, ga bashin biza a kansa, amma zai sa jallabiya ya ɗauki hoto a Harami ya ɗora a Facebook, in ya kira gida ya ce lafiya lau saboda kunya, su kuma tambayar farko yaushe za a turo. Ƙaninsa ya ga hoton, shi ma ya fara neman mai sayen gonar gado.