Mun Hau Dutse Kallon Ikon Allah, La'asar Ta Kusa Kuɓuce Mana A Can Sama

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun da muka dawo daga wata doguwar tafiya a mota ni da abokaina uku, kwana 6 muna hanya, ba fatauci ba ba ziyarar kowa ba, buɗe ido kawai, duk inda muka ga wuri mai kyau mu tsaya mu sauka, inda akwai dutse mu hau. Na kasa barin abin a cikina shi yasa nake rubutawa.

Rana ta huɗu muka nufi wani tsauni, tun bayan azahar muke hawa muna haki muna hutawa, ƙafa har rawa take. Da muka kai ƙololuwa wallahi abin da ido ya gani baki ba zai iya faɗa ba, kwari shimfiɗe a ƙasa kore shar, kogi ya ratsa shi kamar zare, motar da muka bari a gindin dutsen ta koma kamar ƙwaro. Toh me muka yi? Kowa ya zaro waya. Wannan ya ce ɗauke ni ta nan, wancan ya ce a'a ku bari rana ta ƙara yin ƙasa hoton zai fi kyau, muka zauna muna jiranta. Sai da ta yi jajawur ɗayanmu ya ce kai jama'a, mun yi la'asar kuwa? Kowa ya yi tsit. Ruwan da ya rage a gora ko alwalar mutum ɗaya ba zai yi ba, muka yi taimama a jikin dutsen muka yi sallar a gurguje.

Da daddare a masauki hadisin Anas da ke cikin Sahihu Muslim ya faɗo min, inda Manzon Allah (SAW) ya siffanta sallar munafuki, ya ce zai zauna yana dakon rana har sai ta kasance tsakanin ƙahonin shaiɗan sannan ya miƙe ya caccaki raka'a huɗu, ba ya ambaton Allah a cikinsu sai kaɗan. Yana dakon rana fa! Abin da muka zauna muna yi kenan da wayoyi a hannu. Daren nan barci sai ɓarawo.

Kuma abin da ya fi ci min rai, babu wanda aka sauƙaƙa wa sallah kamar matafiyi. Mai raka'a huɗu ta koma biyu in tafiyar ta kai ta ƙasaru, wajen kilomita 80 a wurin mafi yawan malamai. An ba ka damar haɗa azahar da la'asar, magariba da isha'i. Ba ruwa ga taimama, ƙasa duk masallaci ce. Da mun haɗa sallolin nan biyu a gindin dutsen tun da ruwa a mota shikenan, minti nawa ne? Amma mun tsara inda za mu sha mai, inda za mu kwana, har na'urar cajin waya ba mu manta ba, sallah ce kaɗai ba wanda ya sa ta a lissafi. Dan Allah duk mai shirin irin wannan tafiya ya zauna da malami ya koyi hukuncin ƙasaru da jam'i kafin ya tada mota.

Ni ban ce yawon buɗe ido laifi ba ne. Allah da kansa ya ce a suratul Ankabut aya ta 20 ku yi tafiya a bayan ƙasa ku duba yadda ya fari halitta. A suratul Gashiya ya tambaya, shin ba sa duba zuwa ga duwatsu yadda aka kafa su, da ƙasa yadda aka shimfiɗa ta? Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta Faɗir aya ta 27, inda ya ambaci zane-zanen jikin duwatsu, farare da jajaye masu launi daban daban da baƙaƙe wuluk. Na ga wannan da idona a wani wuri da aka fasa dutse hanya ta ratsa, launi a kan launi kamar an jera su da hannu, amma a lokacin ayar ko a raina, bidiyo nake ɗauka. Ayar da ke biye da ita kuwa cewa ta yi masu ilimi ne ke tsoron Allah cikin bayinsa, wato kallon dutsen nan tsoron Allah ake so ya haifar.

Sahabbai ma sun yi hawa da gangara ai. Jabir ya ce, kamar yadda Bukhari ya ruwaito, mun kasance idan muka hau tudu sai mu yi kabbara, idan muka gangara sai mu yi tasbihi. Ka duba hikimar, lokacin da ka kai sama kana jin kai wani ne, komai ya koma ƙarƙashinka, nan ne aka ce ka ce Allahu Akbar. Ba sai ka yi ihu ba, Annabi (SAW) ya hana su ɗaga murya sosai ya ce wanda kuke kira ba kurma ba ne, yana kusa. Akwai kuma hadisin Uƙba bin Amir a Abu Dawud, Ubangiji yana mamakin makiyayin da ke kan tsinin dutse yana kiran sallah yana sallah, har ya ce ya gafarta masa ya sa shi aljanna. Makiyayi shi kaɗai ba mai ganinsa, mu kuwa mu huɗu ne ba wanda ya buɗe baki ya yi kiran sallah a wurin da wataƙila ba a taɓa yi ba.

Sai maganar shara a gurguje, robar ruwa da leda da muka tarar a hanyar hawan nan abin kunya ne, addinin da ya ce kawar da ƙazanta daga hanya sadaka ne bai dace mai shi ya zama shi ke zubarwa ba, balle yin bahaya a hanya ko inuwar da mutane ke hutawa wanda aka ce yana jawo tsinuwa.

Addu'ar matafiyi karɓaɓɓiya ce, awa nawa muka ƙona a cikin mota muna hira muna barci ba wanda ya roƙi komai.

Kwana biyun da suka rage mun gyara. Muka naɗa ɗaya shugaba kamar yadda hadisi ya ce a yi in an kai uku, shi ke duba lokaci da alƙibla, kowa ya ware gorar alwala daban da ta sha. Asubar ƙarshe a bakin wani tafki muka yi ta, hazo ya rufe ruwan sanyi na ratsa ƙashi, ƙaraminmu ya yi kiran sallah muryarsa na dawo mana daga jikin duwatsu, wayoyin duk suna cikin mota.