Kun yarda baki yana kama mutum, to me zai hana shi saki?

Tun shekaranjiya nake danne zuciyata a kan maganar baiwar Allahn nan da ta saki bidiyo tana ba da labarin yadda aka yi mata magani da hifnosis, wato magani ta hanyar magana da tattara hankali, na ce ba zan tanka ba, amma daren jiya na sake leƙa ƙarƙashin bidiyon nata na ga abin da ake ta rubutawa, wallahi barci bai ɗauke ni ba sai wajen ƙarfe biyu. Mace ta fito ta faɗi ciwon da ta yi shekara talatin da wani abu tana ɗauke da shi, ta ce alhamdulillahi ta samu sauƙi, maimakon a ce mata Allah ya ƙara lafiya sai aka yi mata caa, wannan ya ce ta je wajen bokan Turawa, wancan ya ce an wanke mata ƙwaƙwalwa, wani ma har da cewa wai ta sake kalmar shahada. Kai da ka rubuta wannan ka ji tsoron Allah. Ka san abin da ake yi a ɗakin? Ka taɓa tambaya ko sau ɗaya? Daga jin kalmar hifnosis shi ke nan ka yanke wa 'yar mutane hukunci.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne babu wanda ya tsaya a kan asalin ciwon. Ita da bakinta fa ta faɗa, tana da wata uku a duniya shagon babanta ya ƙone, wata gwaggonta ta dube ta a bayan uwarta ta ce yarinyar nan farar ƙafa gare ta. Shi ke nan suna ya zauna. Akuya ta mutu, ita ce. Wanta ya faɗi jarrabawa, ita ce. Aurenta ya mutu, aka ce ai dama. Har ta kai in ƙawarta za ta buɗe shago sai ta ƙirƙiro uzuri ta ƙi zuwa don kada ta shafa mata, in an ba ta jariri ta riƙe gabanta na ta faɗuwa, kuma wannan mace ce da ta yi karatu har ta tsallaka Ingila tana aiki a asibiti. A cikin kwament sama da na iya ƙirgawa ban ga mutum ɗaya da ya ce gwaggon nan ba ta kyauta ba. Ko ɗaya.

Jama'a mu fa babu wanda ya kai mu yarda da ƙarfin baki. Mu ne masu cewa a guji bakin uwa, mu ne masu tsoron kambun baka, yaro ya yi ƙiba a ce kada a yi masa baki, ɗa ya lalace a ce ai bakin ubansa ne ya kama shi. Mun ce baki shi ke yanka wuya, mun ce magana zarar bunu ce. Wato kowa ya yarda ɗari bisa ɗari cewa magana tana shiga jikin mutum ta ɗaure shi shekara da shekaru. To don Allah me ya sa da aka ce magana ta shiga ta kwance ɗaurin sai ya zama tsafi? Bakin gwaggo da ya ɗaure ta halal, bakin likita da ya kwance ta haram? Ina hankali a nan?

Bari in gaya muku abin da ake yi tunda ba ku tambaya ba. Kujera ce ake ba ka ka zauna. Ba hayaƙi, ba layu, ba yanka, ba a kiran sunan kowa. Mai maganin zai ce ka saki jikinka, ka bi numfashinka, ka tattara hankalinka wuri guda, yana magana a hankali har ka kai irin yanayin nan da kowannenmu ya sani, lokacin da ka nutse cikin littafi ko kana sauraren wasan ƙwallo a rediyo a kira sunanka sau uku ba ka ji ba. Ba suma ka yi ba, kana jin komai, in aka faɗa maka abin da bai yi maka ba kana iya buɗe ido ka ɗauki takalminka ka tafi. Abin da ya sauya kawai shi ne muryar nan ta cikin kai, mai cewa "ƙarya ne, ai kin san ko ke wace ce" duk lokacin da aka yabe ka, tana lafawa na ɗan lokaci. A wannan tsakanin ne ake aikin. Ita ta ce an sa ta ta kalli jaririyar nan 'yar wata uku a cikin zanen goyo, ta kalle ta da idon uwa tunda yanzu ita ma uwa ce, aka tambaye ta me wannan jaririyar ta yi wa shago. Ta ce kuka ta yi kamar ranta zai fita. A ka ta daɗe da sanin jariri ba ya ƙona shago, wa bai sani ba, amma sanin bai taɓa sauka ƙirji ba sai ranar. Bayan nan aka yi ta maimaitawa, zama bayan zama, da sautin da aka naɗa mata take saurare a gida. Maimaici ne dai. Da me gwaggo ta yi nata aikin in ba da maimaici ba?

Kuma abin nan ba jiya aka fara shi ba, kuma su kansu Turawan sun daɗe da cire masa rigar siddabaru. Wanda ya fara shahara da shi wani likita ne Franz Mesmer, shi ya ce wai akwai wani irin ƙarfin maganaɗisu da ke fita daga jikinsa ya shiga jikin maras lafiya. A 1784 Sarkin Faransa ya kafa kwamiti a Paris ya bincika, har da Benjamin Franklin, masanin kimiyya ɗan Amurka, a ciki. Suka ɗaure wa wani yaro ido suka kai shi cikin lambu inda aka ce an zuba wa bishiya ɗaya wannan ƙarfin, yaro ya je ya sume a gindin wata bishiyar daban da babu wanda ya taɓa ta. Kwamiti ya ce babu wani maganaɗisu, abin da mutum ya sa a ransa ne ke aiki a jikinsa. Daga baya wani likitan tiyata a Manchester, James Braid, ya ga ana wasa da abin a 1841, ya zauna ya bincika, ya gano tattara hankali ne da kuma magana, ya fitar da littafinsa a 1843. Sunan hifnosis ma daga kalmar Girkanci ta barci aka samo shi, kuma sunan ne ya yi ta ruɗa mutane har yau don ba barci ba ne. Ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince da amfani da shi wajen magani a 1955, ta Amurka ta biyo baya a 1958. A Manchester ɗin dai, a 1984, wani likita Peter Whorwell ya gwada shi kan masu ciwon hanjin nan da ke murɗa ciki da kumburi da zawo alhali gwaji bai nuna komai ba, aka ga sauƙi ƙarara, har hukumar NICE mai tsara wa asibitocin Ingila hanyoyin magani ta sa shi cikin abin da za a iya gwadawa in an shekara ana shan magani bai yi ba. A Liege ta ƙasar Beljiyam tun 1992 ake yi wa mutane tiyata, daga baya har da ta maƙogwaro, da hifnosis haɗe da allurar kashe zafi ta wurin da ɗan maganin kwantar da hankali, mutum idonsa biyu. Su ma duk bokaye ne kenan?

Wanda labarinsa ya fi tsaya min a rai shi ne Milton Erickson, likitan ƙwaƙwalwa a Amurka wanda da yawa daga cikin masu wannan aikin a yau hanyarsa suke bi. Yana ɗan shekara 17 shan inna ta kwantar da shi, ya ce da kunnensa ya ji likitoci suna gaya wa mahaifiyarsa yaron nan ba zai kai safe ba. Ran yaro ya ɓaci da aka faɗa wa uwarsa haka, ya sa ta gyara masa madubin ɗakin yadda zai hango faɗuwar rana. Allah ya yi da sauran kwana. Ya tashi jiki duk a shanye, ya zauna yana kallon ƙanwarsa jaririya tana koyon tsayuwa, yana lura da wace ƙafa take fara dogarawa, da haka ya sake koya wa jikinsa tafiya. Ya yi karatun likita, ya rayu har 1980. Kuma shi yawancin maganinsa da labari yake yi, ya zaunar da kai ya ba ka labarin wani ko na wata shuka, kana saurare kana ganin kanka a ciki ta wata fuska da ba ka taɓa gani ba. Mu da muka tashi da tatsuniya a gindin kaka, mu ne za a ce wannan ya ba mu tsoro?

Na ga masu liƙo fatawa a kan tanwimul magnaɗisi, wato sunan hifnosis da Larabci. Ku karanta abin da kuke liƙowa mana. Abin da aka siffanta a can mutum ne mai aiki da aljani, ya ɗora shi a kan wani don ya ba da labarin gaibu, ina ɓarawo, ina kayan da suka ɓace. Wannan kam wa ya ce halal ne? Amma baiwar Allahn nan gaibun wa aka tambaye ta? Hukunci na malamai ne, kuma su da kansu suka koya mana cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an fahimci yadda yake, to ku kai musu hoton abin yadda yake, ku daina kai musu abin da kuka gani a fim ana kaɗa wa mutum agogo a fuska yana kukan kaza. Masu cewa ai da ta riƙe addu'a kuma, wa ya gaya muku ba ta yi? Mai hawan jini yana addu'a yana shan ƙwayarsa ban ji kun ce masa komai ba. Kuma tunda maganar addini kuka kawo, camfa mutum da cewa ƙafarsa ke kawo tsiya a wane babi yake? Wannan ai shi ne ya fi cancanta ku yi wa wa'azi, amma shiru kake ji.

Eh akwai haɗari, ni ma na sani, ba sai kun tuna min ba. Mutum a wannan yanayin yana saurin karɓar abin da aka faɗa masa, in ya faɗa hannun mugu ko jahili za a iya dasa masa tunanin abin da bai taɓa faruwa ba. A Amurka an yi wannan ɓarnar sosai, akwai wata mata a jihar Wisconsin da likitanta ya sa ta yarda ta shiga ƙungiyar asiri kuma mutum sama da 120 ne ke zaune a jikinta, ta kai ƙara, a 1997 aka sasanta kan dala miliyan 2.4. A Ingila ma babu dokar da ta hana kowa ya yi 'yar gajeriyar kwas ya rataya satifiket ya ce shi ƙwararre ne, don haka wajen likita ko masanin halayyar ɗan Adam mai lasisi ake zuwa. Ba kowa yake kamawa ba, wani ya shiga sosai wani ko gezau, kuma mai taɓin hankali an hana shi. Duk wannan gaskiya ne. Amma ba don wannan kuka zage ta ba, kada ku fake da shi yanzu. Kuma wannan haɗarin ma ai shaida ce a kan abin da nake faɗa, magana tana dasa abu a cikin mutum, mai kyau ko mummuna, kuma mu kullum dasawa muke a gidajenmu ba tare da ko kwas ɗin kwana uku ba.

Ni ina aji huɗu a firamare wani malami ya tsayar da ni gaban allo na kasa raba lamba, ya ce wannan daƙiƙi ne, ko an fasa kansa lissafi ba zai shiga ba, aji ya fashe da dariya. Minti biyu abin ya ɗauka. Na fi shekara ashirin in zan karɓi canji a kasuwa ba na iya ƙirgawa a gaban mai kaya, sai in dunƙule in sa a aljihu in tafi, an cuce ni ko ba a cuce ni ba, don muryarsa nake ji. Ni ban je wajen mai hifnosis ba, Allah ne ya haɗa ni da wani maigida da ya damƙa min littafin shagonsa ya yi ta ce min kai fa kanka na ja, yau da gobe har na fara yarda. Shi ya sa da na ji matar nan tana magana na gane ta tun kafin ta gama jimlar farko, shi ya sa kuma zagin da kuka yi mata na ji shi a jikina. Mutum nawa ne a cikinku masu kwament ɗin nan ke yawo da irin wannan sunan, baƙin jini, uwar mata, raggo, ba za ka taɓa abin kirki ba, kuna ji a ranku haka Allah ya yi ku alhali wani ne ya faɗa ranar da ransa ya ɓaci, shi har ya manta?

Yau da safe ma kafin in fita na ji hayaniya a layinmu, na leƙa, yara ne sun fi goma sun zagaye wani yaro ɗan shekara bakwai an ɗora masa tabarmarsa a ka ana yi masa waƙar amalala, kuma uwarsa ce ta kira su da kanta wai don ya ji kunya ya daina. Yaron ko kuka ba ya yi, ya dai sunkuyar da kai. Na kore su, ita kuma ta ji haushina, ta ce mu ma ai haka aka yi mana. Na ce Maman yara ki yi haƙuri, yaro ba da gangan yake fitsarin kwance ba, yana barci abin ke zuwa, da yawa suna dainawa da kansu in sun ƙara girma, wani kuma ciwon mafitsara ne ko taurin bayan gida, masu sikila ma suna yawan yi, ki kai shi asibiti a duba fitsarinsa, ki rage masa shan ruwa dab da kwanciya, ki sa ya zaga kafin ya kwanta. Ta ce za ta gaya wa babansa in ya dawo daga kasuwa. Tabarmar dai na gan ta a shanye a kan katanga ta wajen titi inda kowa zai gani, zan sake yi mata magana da yamma ta mayar da ita cikin gida.