Labarin New Order ya tuna mini da Nima

Salamu alaikum. Na karanta labarinku kan New Order, 'yan Manchester da suka haɗa jita da kiɗan na'ura, kuma na ji daɗinsa ƙwarai. Amma kun tsallake asalinsu. Baƙin ciki ne ya haife su: mawaƙinsu a tsohuwar ƙungiyarsu Joy Division, Ian Curtis, ya rasu a 1980, sauran ukun suka sake suna, suka jawo Gillian Gilbert. Kamfaninsu, Factory Records, ƙarami ne mai zaman kansa. Ribar faya-fayansu da yawa gidan rawarsu Haçienda ya lashe ta, har kamfanin ya durƙushe a 1992. Wannan ya yi mini ciwo wallahi.

Ni a Nima, unguwa a Accra ta Ghana, na fara jin su, a kaset ɗin yayana da ya dawo daga Jamus. Lokacin dokar hana fitar dare ta farkon mulkin Rawlings ta kashe kasuwar makaɗanmu, wasu suka tsallaka Jamus, suka aiko mana da sabon salon kiɗa, burger highlife, shi ma gangar inji ce ke riƙe da shi. Shi ya sa kunnena bai ɗauki New Order baƙi ba.

Don Allah ku kawo mana tarihin makaɗin burger highlife George Darko ma.